Dare Ya Koma Rana, Karatu Ya Ƙi Shiga: Amsa Ga Ɗalibin Da Korona Ta Tsare A Ɗaki

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jami'a, ina aji uku, shekaruna 22. Tun da korona ta sake tashi aka mayar da mu karatu ta intanet, al'amurana suka birkice. Ba na samun barci sai wajen ƙarfe huɗu na asuba, in tashi ƙarfe ɗaya na rana jiki a mace. Ina shan gahawa da lemon ƙara kuzari don in iya bin lakca, da dare kuma ina haɗiyar wasu ƙwayoyi da abokina ya ba ni, ya ce na barci ne. Wata huɗu da suka wuce na kamu da cutar na warke, amma yanzu haka kawai sai gabana ya yi ta faɗuwa, numfashi ya sarƙe, in ji kamar mutuwa zan yi. Wuya da baya da idanu duk ciwo. Abubuwan da nake so a da sun fita raina, ko kiran abokai ba na ɗauka. Wani lokaci nakan ce da ma in kwanta kada in farka. A gida cewa ake yi lalaci ne da danna waya. Jarrabawa saura mako shida. Don Allah me zan yi?

Ɗalibi cikin damuwa

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya.

Cikin duk abin da ka lissafa, akwai magana ɗaya da ba za ta jira gobe ba, wato fatan da kake yi na ka kwanta kada ka farka. Wannan tunani yana zuwa wa mutane da yawa da ciwon damuwa ya kama, ɗaya ne daga alamomin ciwon, kuma yana lafawa idan aka yi magani. Abin da ba a yi da shi kawai shi ne a binne shi a ciki. Yau ɗin nan ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, yaya ne ko kawu ko malami ko aboki mai hankali, ka faɗa masa da kalmomin da ka rubuto mana, kada ka sassauta. Ƙwayoyin da ke hannunka ka damƙa masa ya riƙe; yadda za a rabu da su yana nan tafe. Idan kuwa abin ya wuce fata ya koma shiri, har ka fara tunanin hanya ko lokaci, to ka bar karatun nan a nan, ka sa a kai ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, kuma kada a bar ka kai kaɗai kafin a isa. Tsananin irin wannan tunani yakan taso ne ya lafa cikin ɗan lokaci, shi ya sa nesanta mutum da abin da zai cutar da kansa a wannan ɗan lokacin yake ceton rai.

Batun lalaci kuwa, malalaci daɗin zamansa yake ji, kai kuwa wuya kake sha. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin annoba, jadawalin makaranta shi ne turken da aka ɗaure yininka. Lakcar safe ta tashe ka, tafiya zuwa aji ta fitar da kai cikin hasken rana ta motsa maka ƙafa, ka gaisa da mutane rututu ba tare da ka shirya ba, yunwa ta zo a kan lokaci, dare ya same ka a gajiye. Ba wanda ya taɓa kiran waɗannan kiwon lafiya, amma su ne suke riƙe da kai. Da aka tumɓuke turken, barci da cin abinci da motsi da zumunci kowanne ya kama gabansa. Aikin da ke gabanka shi ne ka kafa wani da hannunka, kuma daga barci za a fara, don haka a nan za mu daɗe.

Abu biyu ne ke kawo barci. Na farko agogo ne a cikin ƙwaƙwalwa mai zagayen kusan awa 24, wanda hasken da ke shiga ido yake saita shi kullum. Hasken safe yana sa barci ya zo da wuri a daren da ke tafe. Hasken tsakar dare kuma jinkirta shi yake yi, domin yana danne melatonin, sinadarin da jiki ke saki idan duhu ya yi. Na biyu wani sinadari ne, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke, kuma yawansa ne ke kawo nauyin ido. Yawanci sai mutum ya yi wajen awa 15 ko 16 a farke kafin barci ya nuna sosai. Ka ƙirga awa 15 daga ƙarfe ɗaya na rana, ina ka faɗa? Ƙarfe huɗu na asuba cif. Ka ga ke nan barcinka bai ɓace ba. Awa tara kake samu, alhali abin da baligi ke bukata awa 7 zuwa 9 ne. Gurbinsa ne ya goce.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ce daga yau ƙarfe goma zai kwanta. Sai ya kwanta ido ƙyar, yana juyi yana duba agogo, ransa na ɓaci, daga ƙarshe ya janyo waya. Ba a tilasta wa jiki barci, amma ana iya tilasta masa tashi, don haka lokacin tashi za ka kama, lokacin kwanciya zai biyo baya da kansa. Gobe ka sa ƙararrawa ƙarfe 12 na rana. Ka yi kwana biyu a haka, sannan ka dawo ƙarfe 11, bayan kwana biyu ƙarfe 10, a haka har ka kai ƙarfe 7. Mako biyu ke nan ko ƙasa da haka, kuma kana da mako shida. Kada zumuɗi ya sa ka yi tsalle daga ƙarfe ɗaya na rana zuwa shida na safe a dare guda. Ga jikin da ya saba tashi da rana tsaka, shida na safe tsakar darensa ne, hasken da ya shiga ido a wannan lokacin yana iya tura agogon gaba maimakon ya dawo da shi. Dabarar kwana a zaune don "a gyara barci" ita ma ba ta ɗorewa: dare ɗaya gajiya za ta kayar da kai, kwana biyu ka koma gidan jiya.

Ka ajiye wayar da ke da ƙararrawar inda sai ka miƙe tsaye za ka kashe ta. Cikin rabin awa da tashi ka fita waje ka yi minti 20 zuwa 30, ba tare da baƙin gilashi ba, ba kuma kallon ƙwayar rana za ka yi ba, zama cikin hasken ya isa. Fitilar ɗaki ba ta maye gurbin wannan. A ma'aunin haske da ake kira lukus, ɗaki mai fitila 'yan ɗaruruwa yake bayarwa, waje kuwa ko da hadari yakan kai dubu, rana tsaf ta wuce dubu goma. Idan kana killace ba halin fita, ka buɗe taga gaba ɗaya ka zauna a bakinta. Ranakun da babu lakca ma lokacin tashi ɗaya ne. Ramuwar barci a ƙarshen mako ita ke rushe aikin kwana biyar. Kwanakin farko za ka ji barci da rana. In ya gagara, ka runtsa minti 20 kafin ƙarfe uku, da ƙararrawa. Barcin la'asar mai tsawo yana cinye adenosin ɗin da kake tarawa don dare.

Da dare, saura awa ɗaya ka kwanta, ka rage fitila ka sa wayar caji nesa da shimfiɗa. Mutanen gida ba su yi kuskure gaba ɗaya ba a kan wayar nan. Haskenta matsala ce, amma abin da ke cikinta ya fi: bidiyo yana bin bidiyo, labari yana bin labari, ba inda aka rubuta ƙarshe. Mayar da fuskarta ruwan ɗorawa ba ya maganin wannan. Idan ka kwanta ka ƙiyasta minti 20 sun wuce ba barci, ka tashi ka koma wani wuri cikin haske kaɗan, ka karanta wani abu na takarda marar tayar da hankali, sai ido ya yi nauyi ka dawo. Ko sau uku ne a dare ka maimaita. Hikimar ita ce ƙwaƙwalwa tana danganta wuri da abin da aka saba yi a cikinsa. Watanni ke nan kana lakca a gado, kana cin abinci a gado, kana tunani a gado, har ta daina ɗaukar gadon wurin barci. Ko ɗaki ɗaya gare ka, ka ware kujera ko wata kusurwa ta zama ta karatu.

Gahawa da lemon ƙara kuzari da sinadarin kafeyin suke aiki, shi kuma toshe wa adenosin hanya yake yi, sai ƙwaƙwalwa ta kasa jin gajiyar da ke nan daram. Bayan kamar awa 5, rabinsa kawai ya bar jini. Wanda ya sha miligiram 200 ƙarfe shida na yamma, ƙarfe 11 na dare yana ɗauke da wajen 100, kamar yanzu ya ajiye kofi. Kofin gahawa yakan ƙunshi miligiram 80 zuwa 100, ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari mai mililita 250 wajen 80, babba kuma ninki biyu. Shayi da baƙin lemo ma suna da nasu. Iyakar da ake faɗa wa baligi mai lafiya ita ce 400 a yini, amma mai faɗuwar gaba irinka ƙasa da haka nesa ya kamata, domin kafeyin da kansa yana sa zuciya gudu da rawar hannu. Ka fara da barin lemon, ka tsaya a kofi ɗaya bayan tashi, kada ka sha komai mai kafeyin cikin awa 8 kafin kwanciya. Ka riƙa ragewa sannu cikin mako ɗaya ko biyu. Yankewa farat ɗaya tana kawo ciwon kai bayan awa 12 zuwa 24, wanda kan iya ɗaukar kwanaki, sai mutum ya ce ai ba zai iya ba ya koma.

Ƙwayar da ba ka san sunanta ba ita ta fi damun mu. Da yawa daga abin da ke yawo a hannun mutane da sunan maganin barci dangin diyazefam ne, wato maganin kwantar da hankali da sa barci. Yana daɗewa a jiki, don haka mai yiwuwa wani ɓangare na mutuwar jikin da kake tashi da ita nasa ne, kuma yana dakushe riƙe karatu. Cikin 'yan makonni jiki kan saba da shi ya nemi ƙari, shi ya sa likitoci ba sa son rubuta shi fiye da mako biyu zuwa huɗu. Idan jefi-jefi ka sha, ka bari daga yau. Idan kuwa kowane dare kake sha har ka haura mako biyu, kada ka yanke da kanka, domin hakan na iya kawo rawar jiki, rashin barci mai tsanani, har da jijjiga. Ka kai wa likita kwalin ko ƙwayar kanta gobe ko jibi ya tsara maka ragewa, kafin nan wanda ka ba ajiya ya riƙa miƙo maka ta dare ɗaya kawai. Haɗa irin wannan ƙwaya da giya ko kodin ko tiramadol yana iya tsayar da numfashi cikin barci.

Sai faɗuwar gaba da sarƙewar numfashi. Abin da ka kwatanta ya yi kama da firgicin da ke aukowa farat ɗaya. Jiki ne ke sakin adirenalin, sinadarin da ke shirya shi gudu ko faɗa, kamar an ga abin tsoro, zuciya ta ɗau gudu, numfashi ya yi sauri. Saurin numfashin yana fitar da iskar kabon fiye da kima, daga nan jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi tsam-tsam, mutum ya ce shi ke nan, tsoron ya ƙara hura abin. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, ya lafa cikin minti 20 zuwa 30, kuma ba ya kisa. Idan ya taso ka zauna, ka ɗora hannu a ciki, ka shaƙi iska ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka fitar ta baki kana ƙirga shida, leɓe a tsuke. Cikin ne zai riƙa tashi, ba kafaɗu ba. Ka yi minti biyar. Inda ake ɓata shi shi ne zuƙar iska da ƙarfi ana cika ƙirji, wannan ƙara jirin yake yi. Ka riƙa gwada shi sau biyu a rana lokacin da kake lafiya lau, domin abin da ba a saba ba ba ya zuwa a lokacin ruɗani.

Amma ba za mu yanke cewa firgici ne daga wasiƙa ba, balle ga wanda korona ta kama. Ƙarancin jini da yawan aikin halittar tayirod da ke wuya duk suna kawo bugun zuciya da kasala, kuma gwajin jini yana nuna su. Ka nemi a yi maka su tare da awon zuciya na ECG. Akwai kuma doguwar korona, wato alamomin da ake gani wajen wata uku bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata biyu, babu wata cuta da ta bayyana su. Gajiya, ƙarancin numfashi da rashin tattara hankali su ne kan gaba. Wata alama da za ka lura da ita: firgici yakan zo kana zaune ya wuce, numfashin da ke da nasaba da huhu ko zuciya kuwa ƙaruwa yake yi in ka hau bene ko ka yi sauri. Bugun zuciyar baligi a hutu 60 zuwa 100 ne a minti. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga daƙiƙa 30 ka ninka. Sau ɗaya da safe ya isa, yawan dubawa shi ma abincin fargaba ne. Ciwon ƙirji da ya ƙi wucewa, suma, kasa ƙarasa magana saboda numfashi, leɓe ko harshe ya sauya launi, waɗannan na gaggawa ne. Idan akwai na'urar awon iskar oksijin ta yatsa, 92 ko ƙasa asibiti ne nan take. Sai dai a sani, a kan baƙar fata na'urar takan nuna adadi sama da na gaskiya, don haka kyakkyawar lamba ba ta soke mummunan yanayin jiki.

Fitar abubuwa daga rai da gudun mutane, haɗe da wancan tunani, sun isa a duba ka a kan ciwon damuwa. Ma'aunin likitoci shi ne ƙuncin rai ko rashin jin daɗin komai, mafi yawan yini, kusan kullum, har mako biyu, tare da wasu alamomi irin su rikicewar barci, sauyin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali da ganin kai ba a bakin komai ba. Akwai takardar tambayoyi tara mai suna PHQ-9 da ake cikawa cikin 'yan mintuna, makinta daga 0 zuwa 27, wanda ya kai 10 yana bukatar kulawa. Asibitin makaranta ko ofishin ba ɗalibai shawara wuri ne mai kyau na farawa, kuma da yawa sun koma sauraron ɗalibai ta waya a lokacin annoba. Magani iri biyu ne: zaman tattaunawa da ƙwararre na makonni, inda ake koyon kama tunanin da ke ja ƙasa da sauya ɗabi'un da ke ciyar da shi, da kuma ƙwayoyi irin su fuluzetin da satralin. Ana iya haɗa su. In an rubuta maka ƙwaya, ka san ba ta aiki a dare ɗaya: mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, huɗu zuwa shida kafin a ce ta yi ko ba ta yi ba. Makon farko takan kawo tashin zuciya ko ɗan rashin natsuwa, a nan ne mutane ke jefar da ita. Ga 'yan ƙasa da shekara 25, tunanin cutar da kai na iya ƙaruwa a makonnin farko, don haka likita zai so ganinka da wuri, kai ma in ka ji haka ka koma ranar. Bayan an warke ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma ba a yanke ta kai tsaye.

Kada ka jira sai sha'awa ta dawo kafin ka motsa. A wannan ciwon aiki ne ke gaba, sha'awa ta biyo shi daga baya. Fitar safen nan ka mayar da ita tafiya, minti 10 a farko, ka riƙa ƙara biyar duk bayan 'yan kwanaki har ka kai 30. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato wanda kana yi kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tsugunno da miƙewa, da tura bango ko ƙasa da hannuwa, sau 8 zuwa 12, zagaye biyu, sun wadatar a ɗaki. Sharaɗi ɗaya saboda koronar da ka yi: idan ka lura bayan ɗan aiki kaɗan jikinka yana rushewa washegari ko jibi, har ka kwanta, to kada ka dage. Ka rage, ka faɗa wa likita, domin a doguwar korona matsa wa jiki baya yake mayar da mutum.

Wuya da baya zaman gado ne da sunkuyo. Ka ɗaga kwamfuta a kan littattafai har saman allonta ya zo daidai ido, nisan miƙaƙƙen hannu daga gare ka, ƙafa a ƙasa, baya a jingine, kuma duk rabin awa ka miƙe ko na minti biyu ne. Ido kuma ƙiftawa ce ke raguwa in ana kallon allo, sai ya bushe ya yi zafi. Duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Abinci sau uku a lokaci tsayayye, na farko cikin awa ɗaya da tashi ko ba ka jin yunwa, da ruwa a kusa.

Jarrabawa. Cikin makon nan ka rubuta wa malamin da ke kula da ajinku gajeren saƙo cewa ba ka da lafiya, kana ganin likita, kana tambayar tanadin da makaranta ta yi wa mai rashin lafiya. Ba sai ka zayyana masa komai ba. Jami'o'i galibi suna da ƙa'idar ƙara lokaci ko ɗage jarrabawa bisa takardar likita, amma takardar da aka kai kafin jarrabawa ta fi wadda aka kai bayan an faɗi ƙarfi nesa ba kusa ba. Lakcocin da suka taru kada ka ce sai ka kalle su duka daga farko, ba za ka gama ba. Ka ɗauki jerin batutuwan kowane kwas da tambayoyin shekarun baya, su nuna maka inda za ka sa ƙarfi. Ka yi karatu minti 25, hutu 5, waya a wani wuri. Zagaye biyu a rana ya isa a makon farko, ka kai huɗu, ka kai shida. A ƙarshen kowane zagaye ka rufe littafi ka rubuta abin da ka tuna; wannan ya fi maimaita karantawa zaunar da abu. Kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya, don haka kwanan zaune daren jarrabawa asara ce biyu.

Abokan da kake ƙin ɗaukar kiransu, ka zaɓi ɗaya ka tura masa layi guda: kwana biyu ba na jin daɗi, ka kira ni gobe ƙarfe kaza. Murya ta fi rubutu. In ya yarda ku riƙa buɗe waya ku yi zagayen karatun tare, ko ku yi tafiyar safen tare in doka ta bari, ya fi kyau, domin alƙawari da wani ya fi alƙawari da kai wuyar saɓawa. Cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri mai cunkoso da ƙarancin iska, don haka haɗuwa a fili, da takunkumi a cikin taro, da buɗe tagogi, da allurar rigakafi ko da ka taɓa kamuwa, sun ba ka damar ganin mutane ba tare da ganganci ba. Labaran annoba sau ɗaya a rana, minti 15, daga majiya ɗaya amintacciya, ba kuma da dare ba.

Mutanen gida ba mugunta ce ta sa suke cewa lalaci ba, abin da ido ya nuna musu ke nan: saurayi a kwance har azahar da waya a hannu. Gardama ba za ta sauya musu ra'ayi ba. Ka sa wanda ka fara faɗa wa ya zauna da kai lokacin da za ka yi musu bayani, ka kuma roƙe su abu takamaimai: a tashe ka ƙarfe kaza, a raka ka asibiti. Iyaye da yawa sai sun ji daga bakin likita suke sakin maganar lalaci, don haka in Baba ko Mama za su bi ka, ka bar su su shiga a ƙarshen ganawar.

Kafin ka tafi ka rubuta a takarda ɗaya: lokacin kwanciya da tashi na kwanakin nan, yawan gahawa da lemon da kake sha, tun yaushe kake haɗiyar ƙwayar da sau nawa, ranar da ka kamu da korona, sau nawa firgicin ke zuwa a mako da abin da kake yi in ya zo. Maganar fatan kada ka farka ka sa ta a layin farko, domin ita ce kunya ke sa a haɗiye a gaban likita. Idan wanda ka gani ya tsaya a "ka rage tunani" ya sallame ka, ka nemi a tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, kuma kada ka fito sai an ba ka ranar dawowa cikin mako ɗaya ko biyu.